Ciwon Daji a Dangi: Yadda Ake Auna Haɗarin Gado, Daga Takarda Zuwa Gwajin Jini

Idan ciwon daji ya ɗauki mutum biyu ko uku a dangi ɗaya, akwai tambayar da kan kwana a ran waɗanda suka rage, ko da ba su furta ta ba: ni ma yana jikina ke nan? Wasu sukan bar ta tana cin su a ciki shekara da shekaru. Wasu kuwa da jin cewa akwai gwajin da ke gano gado sai su garzaya su yi, a miƙo musu takarda, su yi ta juya ta ba su san me take cewa ba. Dukansu sun tsallake aikin da ya fi nauyi, wanda ba ya buƙatar allura: a zauna a tattara tarihin dangi dalla-dalla, a kuma san wanda ya kamata a fara gwadawa.

Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na ciwon daji ke da tushe a gado kai tsaye. Sauran daga tsufa yake zuwa, da taba, da wasu ƙwayoyin cuta, da ƙananan kurakuran da ke taruwa a jiki da tafiyar shekaru. Cuta ce mai yawa, don haka dangi mai yawan jama'a da wuya a rasa wanda ya yi ta a cikinsu, ba tare da wani gado ba.

Ko a inda gadon yake, ba ciwon ake gada ba. Akwai ƙwayoyin gado da aikinsu gyara ɓarnar da ke aukuwa a DNA, ko taka wa ƙwayoyin jiki birki kada su yi ta hayayyafa babu ƙaƙƙautawa. Kowa yana da kwafi biyu na kowace, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya gaji kwafi ɗaya mai tangarɗa kamar mota ce da ta fito da birki ɗaya a maimakon biyu: tana tafiya lafiya lau, amma ran da na biyun ya lalace a ƙwayar jiki guda, babu abin tare ta. Alfred Knudson ne ya bayyana wannan a 1971, daga nazarin ciwon dajin ido na yara. Shi ya sa na gado ke zuwa da wuri, kuma yake iya kama nono biyu ko ido biyu. Kowane ɗa da aka haifa wa mai tangarɗar yana da rabin yiwuwar gadon ta, kuma kowace haihuwa da nata lissafin. Mutum zai iya haifar 'ya'ya huɗu duk su gada, ko duk su tsira. A nan dai barewa takan yi gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mataki na farko: takarda da biro

A 1895 wata mai ɗinki ta gaya wa likita Aldred Warthin na Jami'ar Mishigan a Amurka cewa ta san ciwon daji ne zai yi ajalinta, don haka ya yi wa danginta. Likitan bai yi mata dariya ba. Ya bi diddigin dangin, ya zana su, ya wallafa a 1913. Matar kuwa ciwon dajin mahaifa ne ya kashe ta, kamar yadda ta faɗa. Abin da ya gani a takarda shi ake kira ciwon Lynch a yau, gadon da ya fi kawo ciwon dajin hanji da na cikin mahaifa, da sunan Henry Lynch wanda ya sake bayyana irin waɗannan dangogi a 1966, kuma sai a shekarun 1990 aka gano ƙwayoyin gadon da ke haddasa shi. Takarda ta riga ɗakin gwaji da shekara tamanin.

Ka samu farar takarda babba. Namiji a zana shi da murabba'i, mace da da'ira. Wanda ya yi ciwon daji a cike zanensa da baƙi, wanda ya rasu a ja masa layi a karkace. Ka sa kanka a tsakiya da yayyenka da ƙannenka, 'ya'yanka a ƙasa, iyayenka da 'yan uwansu a sama, kakanni huɗu a can ƙololuwa. 'Ya'yan kawu da na baffa da na gwaggo su ma su shiga. Wanda kuka haɗa uba kawai ko uwa kawai, a nuna ta wane ɓangare ne, don lissafin ya bambanta. Idan iyaye 'yan uwan juna ne na jini a rubuta, domin akwai nau'in da sai an gaji tangarɗa daga ɓangare biyu yake bayyana, irin na ƙwayar MUTYH mai kawo tsiro a hanji.

A gefen kowane mai ciwo ana son abu uku: a wace gaɓa ya fara, yana da shekara nawa aka gano, kuma ko ya sake yin wani daban daga baya. Masu lafiya ma a rubuta shekarunsu. Gwaggo biyar da suka haura saba'in ba abin da ya same su, labari ne mai daraja.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bi dangin uwa kawai idan ana maganar nono ko gidan ƙwai. Uba yana ɗauke da tangarɗar ya miƙa wa 'yarsa, shi ko ciwon kai bai yi ba. Rabin masu ɗauke da ita ta wajen uba suka samo.

Wahalar tana wajen gano inda ciwon ya fara, don mutane ba da sunan asibiti suke tuna cuta ba. A ce wata ta je wurin ƙanwar babanta:

"Gwaggo, wai ciwon da ya yi ajalin kakarmu, a ina ya fara mata?"

"Ai ciwon ciki ne, 'yar nan. Cikin ya kumbura, aka yi ta zuƙe ruwa."

"An yi mata aiki? Me suka ce sun cire?"

"Mahaifa da ƙwan gaba ɗaya. Allah Ya jiƙan ta, ko auren babanki ba ta gani ba."

Da an tsaya a amsar farko, sai a rubuta ciwon ciki a wuce. Tambaya ta biyu ce ta fito da abin da ya yi kama da ciwon dajin gidan ƙwai, maganar auren kuma ta ba da hanyar ƙiyasta shekarunta. Haka ake yi, a ɗaura shekaru a kan haihuwa ko aure ko rasuwar wani.

Kalmar mahaifa ita kanta tarko ce. Ciwon dajin bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke kawo shi, ba gado ba ne. Na cikin mahaifa yana iya nuna Lynch. Na gidan ƙwai yana iya nuna BRCA, wato ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, da tangarɗarsu ke kawo ciwon nono da na gidan ƙwai. A bakin dangi duk ukun mahaifa ne. Haka hanta: ciwon da aka ce na hanta ne sau da yawa daga hanji ko nono ya yaɗu zuwa can, wanda kuma ya fara a hantar yakan bi dangi saboda ciwon hanta nau'in B da uwa ke sa wa jariri. Idan akwai takardar sakamakon tsokar da aka yanka aka duba, ko ta sallama daga asibiti, a neme ta a ɗauki hotonta. Takarda ɗaya irin wannan ta fi tunanin mutum goma.

Mataki na biyu: karanta abin da ka zana

Abin da ake nema shi ne tsari, ba yawan baƙaƙen zane ba. Kaka da ya yi na huhu yana da 75 bayan shekara arba'in yana shan taba, da wata da ta yi na bakin mahaifa, da wani a ɗaya ɓangaren da ya yi na furosteti (gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) yana da 80, mutum uku ne amma babu zaren da ya haɗa su. Uwa da ta yi na nono tana da 41, 'yar uwarta ta yi na gidan ƙwai, mahaifinsu ya yi na fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi), wannan zare ɗaya ne, kuma sunansa BRCA har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Alamomin da ke sa a nemi ƙwararre su ne ciwon nono ko hanji ko cikin mahaifa kafin shekara 50, iri ɗaya ko masu alaƙa a ɓangare ɗaya na dangi tsara bayan tsara, da mutum guda da ya yi ciwon daji biyu mabambanta. Wasu kuma mutum ɗaya ya isa: ciwon gidan ƙwai a kowace shekara, na nono a jikin namiji, na fankiriyas, na furosteti da ya yaɗu, na nono da likitoci ke kira triple-negative, wanda aka gwada alamominsa uku duk babu, tsiro goma ko fiye a hanji, da ciwon dajin ido a jariri. Game da Lynch akwai tsohuwar ƙa'idar Amstadam mai sauƙin riƙewa, 3-2-1: mutum uku a dangi, tsara biyu a jere, ɗaya kafin shekara 50. Tana da amfani, amma dangogi da yawa masu Lynch ba sa cika ta, don haka rashin cika ta ba wanki ba ne.

Takarda fara tas ma ba kullum take nufin lafiya ba. Idan dangi kaɗan ne, ko maza sun yi yawa, ko mata sun rasu da ƙuruciya ta wata hanya, tangarɗar tana iya wucewa tsara biyu a ɓoye. Asali ma yana shiga lissafi: a cikin Yahudawan Ashkenazi kusan mutum 1 cikin 40 na ɗauke da tangarɗar BRCA, a sauran jama'a kuwa wajen 1 cikin 400.

Mataki na uku: zama da mashawarci

Mashawarcin cututtukan gado ba mai sayar da gwaji ba ne, kuma ba zai yanke maka hukunci ba. Sheldon Reed ne ya raɗa wa aikin suna a 1947, da nufin a raba shi da masu amfani da ilimin gado suna iko da haihuwar mutane. Zaman farko yakan ɗauki kusan awa ɗaya. Zai sake zana dangin, ya ƙiyasta yiwuwar akwai gado, ya faɗi abin da gwaji zai iya nunawa da abin da ba zai iya ba. Inda babu irin wannan ƙwararre, likitan ciwon daji yana iya tsayawa a madadinsa, kuma ana yin zaman ta waya ko bidiyo.

Kafin ka miƙa hannu a ɗebi jini, ka tambayi kanka me za ka yi da amsar. Za ka iya zuwa duba akai-akai? Za ka iya gaya wa 'yan uwanka? Ka tambayi mashawarcin wa zai ga sakamakon, da abin da dokar ƙasarku ta ce game da inshora da aiki. A Amurka dokar GINA ta 2008 ta hana masu inshorar lafiya da masu ɗaukar aiki nuna bambanci saboda gado, amma ba ta shafi inshorar rai ba. Kowace ƙasa da tata. Wanda ya ji duk bayani ya ce ba yanzu ba, bai yi laifi ba, ana iya tsara masa duba bisa tarihin dangi kawai.

Mataki na huɗu: wa za a fara gwadawa

A nan mafi yawan kuɗi da kwanciyar hankali ke salwanta. Mai lafiya ne ke cikin fargaba, don haka shi ke son a gwada shi. Amma wanda ya kamata a fara da shi shi ne wanda ya yi ciwon, musamman wanda ya yi shi da ƙarancin shekaru ko ya yi mafi baƙon nau'i.

Ga dalili. A ce mace mai shekara 34, mahaifiyarta ta yi ciwon nono tana da 42. Aka gwada 'yar, ba a ga komai ba. Me hakan ke nufi? Wataƙila uwar tana da tangarɗa, 'yar ba ta gada ba. Wataƙila ciwon uwar ba na gado ba ne tun farko. Wataƙila kuma akwai gado a wata ƙwaya da gwajin bai duba ba, ko wadda ilimi bai kai gare ta ba tukuna, kuma 'yar tana ɗauke da ita. Babu mai iya bambance ukun nan. Amma da uwar aka fara gwadawa aka ga tangarɗa a BRCA1, an san sunan ɓarawon da kamanninsa. Sai a duba wannan wuri ɗaya tak a jinin 'yar, gwaji mai sauƙi da arha, amsarsa kuma e ce ko a'a.

Saboda haka idan akwai mai jinya a dangi yanzu, kuma ya yarda, kada a jinkirta. Magana ce mai nauyi a yi wa marar lafiya, na sani, amma sakamakon yana iya canza maganinsa shi kansa. Akwai magunguna irin su olaparib, wanda aka amince da shi a 2014, da ke aiki musamman a kan ciwon masu tangarɗar BRCA, kuma ciwon hanji na Lynch yakan ji magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki. Idan duk masu ciwon sun rasu, sai a gwada mafi kusa da su, a kuma karanta sakamakon da taka-tsantsan.

Gwajin kansa ba wani abu ba ne: jini kaɗan ko yawu, sakamako cikin 'yan makonni. Yanzu akan duba ƙwayoyi da dama a haɗe, kamar BRCA1, BRCA2, PALB2, CHEK2, ATM, TP53 da na Lynch. Yawansu ba lallai ya zama alheri ba, don kowace ƙwaya da aka ƙara tana ƙara yiwuwar samun amsa mai ruɗani. A kuma bambance shi da gwajin da ake yi wa ƙarin da aka ciro: tangarɗar da aka gani a ƙari tana iya zama a can ta tsiro, sai an gan ta a jini ake ce mata gado. Su kuwa kwalaben yawu da ake saye ta intanet, a yi hattara. Wanda kamfanin 23andMe ya samu izininsa a 2018 tangarɗa uku kacal yake dubawa a lokacin, a cikin dubban da aka sani a BRCA, ukun ma na Ashkenazi ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na biyar: fahimtar sakamako

Idan an ga tangarɗa mai cutarwa, haɗari ya ƙaru, amma ba a ce kana da ciwo ba. Idan an san tangarɗar dangi kuma ba a gan ta a jikinka ba, wannan ita ce a'a ta gaskiya: haɗarinka ya koma kusan na kowa, 'ya'yanka ma ba za su gada daga gare ka ba. Idan ba a san ta dangi ba kuma ba a ga komai ba, tarihin dangi ne zai ci gaba da jan ragamar duba.

Sakamako na huɗu shi ne mai hana barci: an ga wani sauyi, amma ba a san ko yana cutarwa ba. A takarda za ka ga an rubuta VUS. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da sauye-sauye masu yawa marasa illa, kuma mafi yawan irin waɗannan idan aka sake tantance su daga baya marasa illa suke zama. Sun fi fitowa ga mutanen da asalinsu Afirka ne ko Asiya, don rumbunan bayanan da ake kwatantawa da su akasari na Turawa ne. Ba a yin tiyata saboda VUS, ba a kuma bin dangi ana gwada su a kansa. A ajiye takardar, duk shekara ɗaya ko biyu a tambaya ko an sake masa matsayi.

Mataki na shida: idan an ga tangarɗa

Wani babban bincike na 2017 da ya bi kusan mata 10,000 masu tangarɗar BRCA ya nuna cewa zuwa shekara 80, kashi 72 na masu BRCA1 da kashi 69 na masu BRCA2 za su yi ciwon nono. Na gidan ƙwai kuwa kashi 44 ne da kashi 17, alhali a sauran mata bai kai kashi 2 ba. Alƙaluman suna da ban tsoro, amma akwai abin yi.

Tun da 'yar fim ɗin Amurka Angelina Jolie ta bayyana a 2013 cewa an cire mata nono biyu saboda BRCA1, mutane da yawa suka ɗauka hanyar ke nan guda. Tiyatar tana rage haɗarin da kashi 90 ko fiye, amma zaɓi ce. Mata da yawa duba suke zaɓa: hoton MRI na nono duk shekara daga 25, a ƙara mamogiram, wato hoton X-ray na nono, daga 30. Gidan ƙwai ne ba shi da sassauci, don har yau babu hoto ko gwajin jini da ke kama ciwonsa da wuri yadda za a dogara. Shi ya sa ake ba da shawarar cire gidan ƙwai da bututunsa bayan an gama haihuwa, tsakanin 35 da 40 ga masu BRCA1, 40 zuwa 45 ga masu BRCA2. Hakan yana kawo ɗaukewar al'ada nan take, da abin da ke biyo baya ga ƙashi da zuciya, don haka a tattauna maganin maye gurbin sinadaran jiki tun kafin ranar aiki. Maza masu BRCA2 su fara duba furosteti daga 40, kuma kada su raina ƙullutu a ƙirji.

Lynch, wanda kusan mutum 1 cikin 300 ke ɗauke da shi yawancinsu ba su sani ba, ya fi ba da dama. Ana leƙa babban hanji da na'ura mai kyamara duk shekara ɗaya ko biyu, daga 20 zuwa 25 ga masu tangarɗa a ƙwayoyin Lynch ɗin MLH1 da MSH2, a ɗan jinkirta ga masu MSH6 da PMS2. Duk tsiron da aka gani a cire shi a take kafin ya rikiɗe. Binciken CAPP2 ya nuna asfirin yana rage ciwon hanji a wurinsu, amma likita ne zai tsayar da adadi, don yana iya sa zubar jini. Mace mai Lynch kada ta yi shiru da jinin da ya zo ba a lokacinsa ba.

Mataki na bakwai: sanar da dangi

Jinin mutum ɗaya aka ɗiba, amma amsar ta shafi iyayensa da 'yan uwansa da 'ya'yansa, kowannensu rabi da rabi. A fara gano ta wane ɓangare ta zo, don kada a tayar da hankalin ɓangaren da ba ruwansa. Mashawarci yakan ba da wasiƙa mai ɗauke da sunan ƙwayar da ainihin lambar tangarɗar. Ita ko kwafin sakamakon za a miƙa wa 'yan uwa, domin "an ce muna da gado" ba ya isar ɗakin gwaji. Wani zai gode, wani zai yi fushi, wani zai yi kamar bai ji ba sai bayan shekara uku ya kira. Iyaye sukan ji kamar su suka jawo, wanda bai gada ba kuma yakan ji nauyin 'yar uwarsa da ta gada. Duk wannan yana cikin abin da ake komawa wurin mashawarci a kansa.

Yara ba a gwada su a kan BRCA ko Lynch, don babu abin da za a yi musu kafin su girma, kuma haƙƙinsu ne su zaɓa da kansu idan sun kai 18. Inda ciwon ke farawa tun ƙuruciya ne ake gwada yaro: masu tangarɗar APC, waɗanda ɗaruruwan tsiro ke cika musu hanji, ana fara leƙa su daga shekara 10 zuwa 12, masu RET akan cire musu tayirod ta wuya tun suna ƙanana, masu TP53 ana duba su tun yarinta, jaririn da ke da gadon RB1 kuwa likitan ido yana fara ganin sa tun makonnin farko na haihuwa.